Ba mu da teku, amma manmu na bisa teku

In na ta da zancen malalar mai a teku, sai wasu su ce mini: mu da ba mu da ko gaɓa, ina ruwanmu? To, tun watan Mayun 2024 da jirgi na farko ya yi lodin ɗanyen man Agadem a Seme, ƙasar Benin, ruwan ya zama namu. Bututu mai tsawon kusan kilomita 2,000 ke kai shi can. Ranar da ya malale, sunan Nijar za a kira, kuma masuntan gaɓar ne za su fara kwana da yunwa.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, mai in ya zuba a teku, ba ya kwasuwa duka. Ana kewaye shi da shinge mai yawo bisa ruwa, a sa injin ya yaɗe na sama, a fesa sinadarin da ke tarwatsa shi, wani sa'in a cinna masa wuta. In iska ta taso, igiyar ruwa ta tsallake shingen, shi ke nan. Sinadarin ma ba ya ɓatar da man, cikin ruwa yake nutsar da shi inda kifi yake. Amurka da duk kuɗinta ta yi kwana 87 kafin ta toshe rijiyar Deepwater Horizon a 2010, bayan mutum 11 sun rasu. A Moris kuwa, a 2020, talakawa ne suka riƙa cusa ganyen rake da gashin kai cikin buhu don tare man jirgin Wakashio. Kusa da mu, a Disamban 2011, ganga kusan 40,000 ta zuba a filin Bonga na Najeriya ana tsaka da yi wa jirgi lodi, irin aikin da ake yi a Seme ke nan.

Shi ya sa ni hankalina na kan rigakafi: jirgi mai bango biyu, duba bututun lodi a kan kari, kayan tare mai a ajiye kusa, da ma'aikatan da suka yi atisaye.

Ƴan uwa, mu daina tsayawa ga tambayar nawa ne kasonmu. Mu tambayi ma'aikatar man fetur da kamfanin WAPCO: ina tsarin gaggawa na Seme, wa zai biya diyya, nawa aka ware? A buga shi, har da Hausa. Haka ma na tudu, tun da a Yunin 2024 an fasa bututun a jihar Damagaram, mai ya kwarara a ƙasar makiyaya.