Ranar Da Mfoundi Ya Cika, Wa Zai Kai Nas Asibiti?



Wani dare cikin watan Oktoba, bayan sallar isha'i, muna fake a rumfar mai shayi a Briqueterie muna jiran ruwa ya tsagaita, sai ga wani bawan Allah ya shigo jiƙe sharkaf yana huci. Ya ce tun la'asar ya kai matarsa asibiti tana naƙuda, kuma har ya fito neman magani nas ɗin da za ta karɓi aikin dare ba ta iso ba. Wadda ta yini tana aiki ita kaɗai ke kai-kawo a ɗakin haihuwa. Ya zagi wadda ba ta zo ba, ya ce ba ta da imani, albashin banza take ci. Kafin ya rufe baki, wani dattijo ya ajiye kofinsa ya ce shi abin da ke ba shi mamaki shi ne namijin da zai bar matarsa ta fita cikin irin wannan dare da sunan aiki. Aka gyaɗa wa na farko kai, aka gyaɗa wa na biyu kai. Babu wanda ya lura cewa a zama ɗaya mun tsine wa mace don ta ƙi fita, mun kuma tsine mata don tana fita. Babu kuma wanda ya tambayi unguwar da take zaune, balle abin da ke tsakaninta da asibiti a wannan dare.

Abin da nake so in faɗa a fili shi ne: hanyar da ma'aikacin jinya ke bi zuwa aiki wani ɓangare ce na asibiti, kamar gado da ruwan allura. Duk wanda ke son ya tarar da nas a bakin aiki ranar da sama ta ɓalle, yana da kaso a cikin nauyin kai ta can. Mun ɗora wannan nauyi gaba ɗaya a kan mace guda da ke tsaye a ƙofar gida da lema a hannu, kuma wannan zalunci ne.

Mu fara da garin da muke ciki. Yawunde birni ne na tuddai da kwaruruka, damina biyu gare shi a shekara: ɗaya daga Maris zuwa Yuni, ɗaya daga Satumba zuwa Nuwamba, kuma Oktoba ya fi kowane wata ruwa. Duk abin da ya zuba a kan tudu kwari yake nufa, daga can ya gangara Mfoundi. Aikin PADY, wanda Bankin Raya Afirka ya tallafa, ya gina magudana a kan kogin, ya kuma rage ambaliya, amma har yau idan ruwa ya yi awa biyu yana zuba kowa ya san yadda Avenue Kennedy da kewayen Poste Centrale ke komawa. Nas ɗin da ke zaune a Etoudi, idan aikinta na Ngousso ne, tafiyarta da sauƙi. Idan kuwa na asibitin koyarwa ne da ke Melen, sai ta ratsa gari, ta sauka kwari ta hau tudu, a lokacin da masu taksi suka daina ɗaukar na nesa, masu babur kuma suka ninka kuɗi ko suka fake.

Haɗarin ba na tatsuniya ba ne. Ranar 8 ga Oktoban 2023, bayan ruwan sama mai ƙarfi, bangon wani tafki ya fashe a Mbankolo, laka da ruwa suka rufta kan gidaje, kusan mutum 30 suka rasu. Shekara guda kafin nan, ranar 27 ga Nuwamban 2022, ƙasa ta zaftare a Damas kan masu zaman makoki, ta kashe fiye da mutum 10. Hukumar yanayi ta Amurka tana gargaɗin cewa ruwa mai gudu da zurfinsa bai wuce santimita 15 ba yana iya kayar da babban mutum, mai santimita 30 kuma yana iya ɗauke ƙaramar mota. Ƙara da kwatamin da ba shi da murfi, wanda ruwa ya ɓoye bakinsa, da wutar lantarki da ta ɗauke. Wannan ita ce hanyar da muke cewa mace ta bi a bayan babur, in ba ta bi ba ta zama marar imani.

A ƙasashen sanyi dusar ƙanƙara ce ke tayar da wannan muhawara. A ƙarshen Fabrairun 2018, lokacin da guguwar sanyi ta rufe Birtaniya, jaridu sun yi ta yabon ma'aikatan asibiti da suka yi tafiyar awowi a ƙasa ko suka kwana a wurin aiki. A cikin wannan mako aka tsinci gawar wata mai kula da tsofaffi a Glasgow, a cikin dusar ƙanƙara, a hanyarta ta zuwa aiki. A Disamban 2022 guguwar da ta faɗa wa Buffalo a Amurka ta kashe fiye da mutum 40, wasunsu a cikin motocinsu suka daskare. Yabo bai dawo da ko mutum ɗaya ba. Abin da ya ceci rayuka a can shi ne tsari: kiran ma'aikata su zo kafin guguwa ta iso, tanadar musu wurin kwana da abinci, da aika manyan motoci su ɗauko su. Mu a nan yabon ma ba mu iya ba, balle tsarin.

Za a ce da ni: ai ta san aikin kafin ta ɗauka, amana ce a wuyanta. Gaskiya ne, kuma ba na raina wannan magana. Idan mai karɓar aiki ba ta zo ba, wadda ke ciki ba ta da ikon tafiya. Ta yini a tsaye, za ta kwana a tsaye, kuma idon da ya gaji shi ke kuskuren awon magani. Ranar ruwa kuma ita ce ranar da marasa lafiya ke ƙaruwa: wanda babur ya kayar, wanda katanga ta faɗa wa, mai naƙudar da ba ta san da hadari ba. Bayan kwana kaɗan sai zazzaɓin cizon sauro da gudawa su biyo baya, kuma ba mu manta da kwalarar da ta addabi Yawunde a 2023 ba. Akwai kuma, mu faɗi gaskiya, ma'aikacin da yayyafi ma ya ishe shi hujja, ya kashe wayarsa ya ja bargo. Wannan ya ci amana, kuma ya cancanci hukunci. Amma wane ma'auni muke da shi na raba shi da wadda ruwa ya shiga ɗakinta har gwiwa, tana ɗora 'ya'yanta kan tebur? Idan babu rubutacciyar ƙa'ida, sai son ran majo, wato shugaban ma'aikatan ɗaki, ya zama doka: wanda ake so a yi masa uzuri, wanda ba a so a rubuta sunansa.

Sannan wa muke nema ya sayar da ransa, kuma a kan nawa? A watan Mayun 2023 ma'aikatan asibitocin gwamnati sun shiga yajin aiki, ƙungiyoyinsu suna cewa kimanin mutum 27,000 ne ke aiki ba tare da cikakkiyar takardar ɗauka ba. A Fabrairun 2024 litar fetur ta koma sefa 840 daga 730, kuɗin taksi ya bi ta. Wanda ke jiran ɗan abin da asibiti zai ba shi a ƙarshen wata, idan mai babur ya ce sai jaka ɗaya a daren ruwa, lissafin abincin gobe yake yi. Idan ya karye a hanya kuma, shi da danginsa ne. Ƙasar da ma'aikatan lafiyarta ba su kai kusa da ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya ba, wato likita da nas da ungozoma 4.45 ga kowane mutum 1,000, ba ta da nas ɗin da za ta yi asara a kwatami.

Yanzu na dawo gida, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mu Hausawan Yawunde mun fi kowa dagewa cewa mace ce za ta duba matanmu, kuma muna jin daɗi idan muka tarar da wadda ke jin harshenmu, tsohuwa ta faɗi ciwonta ba tare da jikanta ya tsaya yana fassara mata da Faransanci ba. To, wannan mace daga ina za ta fito? Daga gidajenmu. Amma yarinyar da ta ce za ta karanta aikin jinya, mu ne ke cewa za ta rasa miji. Wadda ta yi aure ta ci gaba da aiki, mu ne ke ƙirga daren da ta kwana a waje. Ranar ruwa miji ya ce ba inda za ta, uwar miji ta ce ai dama, majo kuma yana ta kira a waya. Muna son mu ci nama, muna ƙyamar mahauci.

Masu jingina da addini su yi hattara, domin ba ya bayan ko ɗaya daga cikin maganganun nan biyu na rumfar mai shayi. Rufaida al-Aslamiyya tana da tanti a masallacin Madina inda take jinyar masu rauni, kuma can aka kai Sa'adu ɗan Mu'azu bayan yaƙin Khandaƙ. Mazhabar Malikiyya da muke bi ta yarda a haɗa magariba da isha'i a masallaci a daren ruwa don a sauƙaƙa wa jama'a. Shari'ar da ta karɓi ruwan sama a matsayin uzuri ga mai zuwa masallacin bayan gidansa, ba za ta hana shi ga mai ratsa Mfoundi ba. Ta kuma girmama aikin jinya tun kafin a haifi masu tsegumi.

Abin yi a bayyane yake. Kowane asibiti, na gwamnati da na kuɗi, ya rubuta ƙa'idar ranar ruwa: wa za a kira, da ƙarfe nawa, wane uzuri ne karɓaɓɓe. Hukumar ONACC tana fitar da hasashen yanayi da gargaɗi a kai a kai. A karanta shi kafin a tsara aikin mako. A ware ɗaki mai tsabta da ƙofa mai kulle inda ma'aikaci zai kwana idan ya zo da wuri ko ya kasa komawa. A san unguwar kowa, na kusa ya riƙe wa na nesa, a biya shi. Ita kuma nas, idan ta ga hadari ya haɗo, ta fita da wuri. Idan hanya ta yanke, ta kira nan take, kada ta bar 'yar'uwarta tana duban ƙofa.

Namu kason ya fi sauƙi, shi ya sa rashin yin sa ya fi zama abin kunya. Tsakanin Briqueterie da Tsinga da kasuwar shanu ta Etoudi, direbobi nawa gare mu, manyan motoci nawa ke kwana a ƙofar gida? Kwamitin masallacin da ke iya tara kuɗin tabarma da lasifika yana iya riƙe lambar direbobi uku amintattu, da ɗan asusun mai, don ma'aikatan lafiya na unguwa, maza da mata, Musulmi da waɗanda ba Musulmi ba, tunda marar lafiyarmu ba ya tambayar addinin mai sa masa ruwa. Mijin da ke tsoron dare ya ɗauki makulli ya raka matarsa. Mu kuma daina zuba shara a kwata, domin ledar da ka jefa yau ita ce za ta toshe hanyar ungozomar matarka gobe.

Matar mutumin nan ta sauka lafiya gab da asuba, a hannun wadda ta yini ta kwana. Ya yi suna, ya yanka rago, an ci an sha. Ban ji ya aika wa nas ɗin ko ƙafar rago ba.

Damina mai zuwa tana tafe. Wanda ke cikin kwamitin masallaci ya ɗaga wannan magana ranar Juma'a, kafin hadari ya haɗo. Allah ya tsare masu fita domin lafiyarmu, ya mayar da su gidajensu lafiya.