Kuɗin walimar bana, mu kai yara Yankari

A zaman da ya gabata an tayar da maganar walimar ƙarshen shekara. Ni dai a ganina, bana a haƙura da hayar rumfa da kujeru, a ɗauki bas a kai yaranmu Yankari.

Yaran da muka haifa a nan kudu ba su san giwa ba sai a waya, alhali ga ta a Alkaleri, Jihar Bauchi. Kuma rani ne lokacin zuwa. Idan tafkunan daji suka ƙafe, giwa da ɓauna da gwanki duk bakin kogin Gaji suke taruwa shan ruwa. Da damina kuwa ciyawa ta rufe ko'ina, sai mutum ya biya kuɗin zagaye ya dawo da labarin birai kawai. Bayan zagaye ga ruwan Wikki, ɗuminsa wajen digiri 31 dare da rana, yara su yi wanka.

Na san dattawa za su kawo batun tsaron hanya, kuma suna da gaskiya. Kwamiti ya tuntuɓi hukumar wurin kafin a tsayar da rana, tafiya kuma da rana kawai. Iyaye mata a riƙe ledar abinci da kyau, gwaggon birin wurin fizge yake yi.