Majajjawar korar tsuntsaye da haihuwar taurari

1/ Yaron da ke korar tsuntsaye a gonar dawa a Funtua ko Malumfashi yana riƙe da darasin da ake bayanin haihuwar taurari da shi. Laifinmu ne da ba mu gaya masa ba. Ku biyo ni.

2/ Tauraro yana farawa ne daga gajimaren iskar gas da ƙura mai tsananin sanyi. Nauyinsa ke janyo shi ciki, yana tsukewa. Dama yana ɗan juyawa a hankali, to da ya tsuke sai juyin ya ƙara sauri.

3/ Gwada da majajjawa: kana wulwula dutse, ka rage tsawon igiyar, sai ka ga gudun ya ƙaru. Ka'idar ɗaya ce. Wannan gudun ke hana gas ɗin faɗawa tsakiya kai tsaye, sai ya baje kamar faifai, jaririn tauraron yana tsakiya.

4/ A cikin faifan nan duniyoyi ke haɗuwa. Haka tamu ta samu, shekara biliyan 4.6 da suka wuce. Shi ya sa duk duniyoyin ke zagaya rana ta fuska ɗaya.

5/ A 2014 na'urar ALMA da ke hamadar Atakama a ƙasar Chile ta ɗauko hoton irin wannan faifan kewaye da tauraron HL Tau, nisan shekarar haske kusan 450. Yana sashen sama ɗaya da Kaza da 'Ya'yanta.

6/ Har yau masana na muhawara: maganaɗisun gajimaren yana iya taka wa juyin birki, amma ga faifai yana fitowa tun tauraro na jariri. Ta yaya? Ƙofa a buɗe take.

7/ Wani zai ce ana fama da tsaro da tsadar taki, ina ruwanmu da taurari? Gaskiya ne, akwai damuwa. Amma Ghana ta mayar da tsohuwar tasar sadarwa ta Kuntunse na'urar nazarin sama a 2017. Wanda ya iya wannan lissafin zai iya aikin hasashen damina da tauraron ɗan adam.

8/ Malaman fiziks, don Allah ku shiga aji da majajjawa, ku yi bayani da Hausa kafin a zo haddar Turanci. ABU Zariya na nan kusa. Ɗalibai, ku tambayi malaminku gobe: me ya sa faifai, ba ƙwallo ba?