Tafiya Kan Tayar da Ta Sace

A wannan mako ina so mu tattauna a kan wata magana da duk wanda ya saba shiga mota tsakanin Ƙaura Namoda da Shinkafi, ko hanyar Zurmi, ya taɓa ji a bakin direba. In taya ta sace a tsakiyar hanya, sai ka ji ya ce, "Bari mu lallaɓa mu kai gari." Fasinjoji kuwa su yi shiru, wasu ma su sa masa albarka, don kowa ya ƙosa ya ga ya sauka. To, ni dai ina ganin wannan lallaɓawa ta cancanci a bincike ta da kyau, gama dukiya da rayuka ake ɗora mata.

Da farko ya kamata mu san abin da ke ɗauke da mota. Yawancin mutane suna zaton roba ce. Alhali kuwa iskar da ke ciki ita ce mai ɗaukar kaya, roba jaka ce kawai da ke tsare ta. Tun shekarar 1888, da wani likitan dabbobi mai suna John Dunlop ya yi wa keken ɗansa taya mai iska a birnin Belfast, a kan wannan hikima ake tafiya har yau. A cikin robar nan akwai zaruruwa da wayoyin ƙarfe da aka saƙa, su ne ƙashin taya. In iska ta cika, gefen taya yana tsaye, yana ɗan lanƙwasawa kaɗan ya koma. In iska ta fita, sai nauyin mota duka, da na buhunan gero da na mutane, ya sauka a kan gefen nan, ƙarfen wili ya danne shi da ƙasa, yana murza shi a kowane juyi.

Wanda ya taɓa lanƙwasa waya yana miƙar da ita har ta yi zafi ta karye a hannunsa, ya riga ya san abin da ke faruwa. Roba ta yi zafi, zaruruwa su tsinke, cikin taya ya zama gari. Ƙusa ce fa ta huda ta, aikin da mai faci zai gama kafin ka sha ruwa ka huta. Amma bayan tafiya kaɗan a kanta ba iska, ta tashi daga aiki har abada, domin gefen taya ba ya karɓar faci na amana. Abin da ya fi muni shi ne, wani lokaci a waje sai ka gan ta lafiya lau. A yi mata faci, a ba ta iska, a mai da ita, sa'an nan ta fashe wata rana mota na tsakiyar gudu. In aka ci gaba da tafiya kuma, sai wili ya lanƙwashe ko ya tsage, guntayen roba su riƙa dukan bututun burki. An guje wa kuɗin faci, an faɗa kuɗin taya da wili da bakanike.

Asarar dukiya ke nan. Ta rai ta fi ta. In tayar gaba ce ta sace, mota takan ja zuwa wannan gefe, sitiyari ya yi nauyi, ya ƙi bin hannun direba. In ta baya ce, sai bayan mota ya riƙa lilo, ya nemi ya riga gaba. Burki kuma ba ya kamawa daidai, tun da ƙafa uku ke riƙe ƙasa sosai, ta huɗu jan ta ake yi. Ku dubi motocinmu ranar Alhamis, ranar kasuwar Shinkafi, yadda ake labta musu kaya har sama. Mota mai tsawon kaya irin wannan, da ta karkace kaɗan, kifewa ba ta yi mata wuya.

Kada kuma a ce sai taya ta kwanta ƙasa sarai ne ake cikin hatsari. Wadda iskarta ta ragu ita ce maciji a cikin ciyawa, don ido ba ya gane ta da sauri, ga ta tana tara zafi a ciki, balle a kwaltar watan Afrilu. A Amurka, cikin watan Agusta na shekarar 2000, kamfanin Firestone ya janye tayoyi miliyan 6.5 daga kasuwa, bayan mutane da yawa sun hallaka a motocin Ford Explorer da tayoyinsu suka saɓule suka kife. Binciken da aka yi ya nuna zafi da ƙarancin iska suna cikin abubuwan da suka taimaka. Saboda haka aka kafa doka a can, daga 2007 kowace sabuwar ƙaramar mota sai da na'urar da ke gaya wa direba iska ta ragu. A nan gida, ranar 6 ga Maris 2016, ƙaramin ministan ƙwadago, James Ocholi, ya rasu tare da matarsa da ɗansa a hanyar Kaduna zuwa Abuja. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta ce tayar baya ce ta fashe ana gudu, direba ya taka burki, mota ta kife. In haka ta sami motar minista, ina ga tamu?

Na san abin da direbobinmu za su ce, kuma maganarsu tana da nauyi. Za su ce, "Malam akawu, kana kan kujera kana rubutu. Wa zai tsaya ya kafa jak a dajin da 'yan bindiga ke tare hanya?" Gaskiya ne. Shekarun nan mutanen Galadi da Moriki da Zurmi sun sha wuya a hanyoyin nan, har a 2021 gwamnatin Zamfara ta rufe kasuwannin mako aka kuma yanke layukan waya na wani lokaci. Gaba kura, baya sayaki. Ba ni cewa kowa ya tsaya inda ransa ke cikin hatsari don ya ceci roba. In wurin ba na tsayawa ba ne, a tafi, amma a san irin tafiyar da za a yi. A saki mai a hankali, a riƙe sitiyari da hannu biyu, kada a danna burki da ƙarfi, a kunna fitilun gargaɗi, a yi tafiyar da ba ta fi ta mai keke ba, har ƙauye na farko ko shingen jami'an tsaro. A can a tsaya, a kuma ɗauka tayar nan ta mutu, kada a sāke amincewa da ita. Wanda tsoro ya sa ya zuba gudu a kan wili, shi ne zai kife ko ya maƙale a cikin dajin da yake gudu, da mota da ba ta motsi ko kaɗan. Sauri ya haifi nawa.

Maganin gaske a tasha yake, tun ba a tashi ba, gama ba a fafe gora ranar tafiya. A auna iska da safe taya na da sanyi, da ma'auni, ba da dukan ƙafa ba. Adadin da ya dace yana rubuce a jikin ƙofar direba ko a littafin mota. A duba safaya ita ma, don sau da yawa akan fito da ita a tarar ta fi wadda aka cire sacewa. Jak da sifana da famfo su kasance a kusa, kada a binne su ƙarƙashin buhu ashirin. Yaron mota da ya ƙware, minti kaɗan ya ishe shi canji in kayan aiki na hannu.

Sai batun saye. Tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop kuma ya daina yin taya a Ikko a 2008, kasuwanninmu suka cika da tayoyin waje, har da na gwanjo da aka gama cin moriyarsu a Turai. A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu na ranar haihuwarta, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2319, watau mako na 23 na shekarar 2019. Roba tana tsufa ko ba a hau ta ba. Malamai da akawuna da suka iya karatu, ku koya wa direbobin garinku wannan, araha ba ta ado.

A ƙarshe ina roƙon shugabannin tasha na Ƙaura da Shinkafi da Zurmi su mai da duba taya da safaya sharaɗi kafin a ba mota lodi. Mu fasinjoji kuma mu daina yi wa direba tsawa in ya tsaya duba ƙafafun motarsa. Wanda ya biya kuɗin mota yana da ikon ya zagaya ya dubi tayoyi huɗun nan kafin ya zauna, in ya ga abin da bai gamshe shi ba ya faɗa da ladabi. Allah ya kai kowa gida lafiya.

Naku,
Wani Akawu, Galadi.