FILIN KIMIYYA: Masu Cin Dutse Da Sulkensu

Duk wanda ya taso daga Suleja ya doshi Madalla, ya ɗaga kai ya dubi Dutsen Zuma, ba zai yarda akwai mai rai da ke neman abincinsa a jikin dutse ba. Alhali kuwa akwai su, sai dai ido ba ya ganinsu. Gaskiya ne ba irin Zuma suke ci ba. Abincinsu shi ne duwatsun ma'adinai masu haɗe da baƙin ƙarfe da farar wuta, watau irin waɗanda masu haƙar zinariya ke tonowa suna jibgewa a bakin rami.

A 1947 ne wasu masana biyu na Amurka, Colmer da Hinkle, suka binciki jan ruwa mai tsami da ke tsiyayowa daga ramukan haƙar kwal, suka tarar aikin waɗansu ƙananan halittu ne. Ga yadda abin yake. Halittar takan sa ƙarfen da ke narke cikin ruwa ya yi tsatsa, ta sami ƙarfin rayuwa daga wannan sauyi. Tsatsar ta koma ta ci jikin dutsen, farar wutar da ke ciki ta fito, halittun su mai da ita ruwa mai ƙuna irin na batir. Da haka dutse ke ruɓewa sannu a hankali.

To, mai karatu zai tambaya, ina abin da ke kare mai zaune cikin irin wannan ruwa? A 1972 Thomas Brock da abokan aikinsa suka ba da labarin wata halitta da suka kira Sulfolobus, wadda suka samo a maɓuɓɓugan ruwan zafi na Yellowstone. Tana jin daɗinta a zafin digiri 70 zuwa 80, cikin ruwa mai tsananin tsami. Ita da danginta, irin su Acidianus da Metallosphaera masu narkar da ma'adinai, ba su da katangar jiki irin ta sauran ƙwayoyin da likitoci suka saba da su. Abin da ke gare su sulke ne.

Ban sami kalmar da ta fi wannan dacewa ba. Wanda ya taɓa kallon barade ran hawan Salla ya san sulke: zobe cikin zobe, duk iri ɗaya, an saƙa su har sun rufe ƙirjin mahayi, ga kariya, ga kafar shan iska. Haka wannan rigar take, sai dai da furotin aka yi ta. A jikin Sulfolobus furotin iri biyu ne. Ɗaya yana tsaye kamar turke, gindinsa kafe cikin fatar halittar. Ɗayan kuma shi ne ke shimfiɗe bisa turakun, jere reras, da 'yan kafofi a tsakani waɗanda faɗinsu bai wuce kashi kaɗan cikin miliyan na milimita ɗaya ba. Abin mamaki, babu maƙerin da ke haɗa zobban. Ko an wargaza su a ɗakin gwaji, in hali ya yi daidai sai su sake jeruwa da kansu. Tun 1953 aka fara hango irin wannan saƙa da madubi mai aiki da lantarki, amma sai a 2019 wasu masana a Jami'ar Illinois suka raba Sulfolobus da sulkenta don su ga amfaninsa. Halittar ba ta mutu ba, amma ta kumbura, siffarta ta lalace, 'yan'uwa suka dunƙule wuri ɗaya.

Kada a ɗauka wannan zancen 'yan boko ne kawai. Tun 1986 ma'adinin Fairview na Afirka ta Kudu ya fara sa irin waɗannan masu cin dutse cikin manyan tankuna, su ruɓar da dutsen da ya riƙe zinariya don a tace ta. A 1994 aka kafa irin wannan masana'anta a Obuasi ta ƙasar Gana. A Chile kuwa da taimakonsu ake tatso jan ƙarfe daga tsibin duwatsun da dā ake zubarwa.

Amma wuƙar da ke yanka nama ita ke yanka yatsa. Inda aka tone irin wannan dutse aka bar shi ga ruwa da iska, halittun ba sa jiran izinin kowa. Ruwan tsamin da suke yi yakan narko dalma da sauran guba, ya kwarara da su rafi. Mu a Jihar Neja ba mu manta da 2015 ba, lokacin da gubar dalma ta kashe yara 28 a Ƙaramar Hukumar Rafi. Waccan gubar daga ƙurar niƙan dutsen zinariya ta fito, amma ta ishe mu gargaɗi cewa abin da aka tono daga ƙasa ba a sakin sa sakaka.

Saboda haka roƙona biyu ne. Iyaye su hana yara wanka ko ɗibar ruwa a tsofaffin ramukan haƙa, musamman in ruwan ya yi ja. Malaman Jami'ar Fasaha ta Minna kuma su ɗebo ruwan ramukan nan su auna, su gaya mana waɗanne halittu ne a ciki. Wataƙila a cikinsu akwai masu yi mana aikin da suke yi wa mutanen Gana.

Allah Ya kai mu mako mai zuwa.