Gigin Tsufa Ba Maita Ba Ne

Sau da yawa in tsohuwa ta fara manta sunayen jikokinta, ko ta fita ta kāsa gane hanyar gida, sai ka ji ana raɗa, wai iska ta taɓa ta, ko an yi mata sammu. Waɗansu ma har su jefe ta da maita. Mu kuwa mun ce wannan zalunci ne, tushensa jahilci. Gigin tsufa ciwo ne na ƙwaƙwalwa, kamar yadda tarin fuka ya ke ciwon huhu.

A shekarar 1906 wani likita Bajamushe, Alois Alzheimer, ya binciki ƙwaƙwalwar wata mace da ta rasu bayan doguwar ruɗewa, ya iske wani abu ya taru ya daskare a ciki, ƙwayoyin ƙwaƙwalwar sun lalace. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2021 mutum miliyan 57 ke fama da gigin tsufa, kuma cutar nan mai sunan likitan ita ce sanadin kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari. Mai bi mata ita ce toshewar jijiyoyin jini na ka, wadda hawan jini da ciwon sukari su kan jawo.

Gaskiya ne har yanzu ba a sami maganin da ke warkar da cutar Alzheimer ba. Amma fa ba kowace ruɗewa ce ita ba. Ƙarancin bitamin B12, da raunin halittar nan ta wuya wadda in ta kumbura a ke ce maƙoƙo, da ciwon mafitsara, da tunjere, da jinin da ya kwanta cikin ka bayan faɗuwa, da yawan shan maganin barci, duka su kan ruɗa dattijo, kuma duka likita na da abin yi a kansu. Musamman in ruɗewar ta zo farat ɗaya, cikin kwana ɗaya ko biyu, to, kada a kwana ba a je asibiti ba.

Saboda haka muna roƙon sarakuna da hakimai da malamai su gargaɗi jama'a. A riƙa auna jinin iyaye, a kai su ga likita tun da wuri, wanda bai warke ba a riƙe shi da haƙuri da mutunci. Jama'a, tsufa na tafe ga duk wanda Allah ya ja kwanansa. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.