Kwamfuta ta zana, wa zai ƙera?

Manhajar da ke rage nauyin sassan inji takan fitar da siffa mai burgewa, amma injin da ke danna farantin ƙarfe cikin mazubi yana da sharuɗɗansa. Kaurin faranti ɗaya ne ko'ina, lanƙwasa mai tsini tana tsaga shi, lungu mai maƙalewa kuwa ba ya fita daga mazubin. Kuskure ne a bar waɗannan sai bayan an gama lissafi.

Manoman Bakolori, daga Maradun zuwa Bakura, sun ga makomar na'urar da ba a iya gyarawa a gida: madatsar 1978 tana nan, na'urorin yayyafin ruwanta sun daɗe da tsayawa. Mai zana musu murfin injin casar shinkafa ya fara tambayar masu walda a Talata Mafara kaurin farantin da suke samu.